Na'urar tsawaita HDMI ta kebul ɗin intanet: yadda ake gano matsalarta da gyara ta

A gidajen kallon ƙwallo, masallatan da ke haska tafsiri zuwa sashen mata, ɗakunan taro, makarantu da shagunan da ke da kyamarorin tsaro, buƙata guda ce ke yawan tasowa: dikoda ko kwamfuta na wuri ɗaya, talabijin ko majigi kuma na can nesa da mita 30, 50 ko fiye. Kebul ɗin HDMI na yau da kullum ba ya kai wannan nisa, domin da ya wuce mita 10 zuwa 15 hoto kan fara tangarɗa. Shi ya sa ake amfani da wasu ƴan akwatuna biyu da ke ɗaukar hoto da sauti su bi da su ta cikin kebul ɗin intanet. A kasuwannin ƙasashen da ke amfani da Faransanci ana tambayar su da sunan extendeur HDMI RJ45.

Idan allo ya yi baƙi ranar babban wasa, mai gidan kallo zai mayar wa jama'a kuɗinsu, kuma wanda aka yo wa saƙon na'urar daga Kano, Kwatano, Duwala ko Dubai ba shi da hanyar mayar da ita. Abin da mutane suka fi yi shi ne su ce na'urar ta mutu su sayi wata, sai sabuwar ma ta ƙi aiki. Sau da yawa laifin ba na akwatunan ba ne: yana cikin kebul, ko kan kebul, ko caja, ko saitin dikoda. Wannan maƙala ta jera yadda ake bin su ɗaya bayan ɗaya.

Yadda na'urar ke aiki

Akwati na farko shi ne mai aikawa, a jikinsa an rubuta TX, a Faransanci émetteur. Yana zama kusa da dikoda ko kwamfuta. Na biyu shi ne mai karɓa, an rubuta masa RX, wato récepteur, yana zama kusa da talabijin. Kamanninsu ɗaya ne, don haka kuskuren farko da ya kamata a duba shi ne ko an musanya su.

Daga dikoda zuwa allo akwai mahaɗai bakwai: dikoda, gajeren HDMI na farko, TX, dogon kebul, RX, gajeren HDMI na biyu da talabijin, ga kuma caja ɗaya ko biyu. Ko guda ya gaza, saƙon da za a gani iri ɗaya ne, «Pas de signal» ko baƙin allo.

Nauyin da kebul ɗin ke ɗauka ba ƙarami ba ne. Hoton 720p ko 1080i yana cin kusan gigabit 2.2 a daƙiƙa. Na 1080p mai firam 60 yana cin kusan 4.5, na 4K mai firam 30 kusan 9, na 4K mai firam 60 da cikakken launi kuma kusan 18. Intanet ɗin ofis bai cika wuce gigabit 1 ba. Saboda haka kebul na iya kai intanet lafiya lau, amma ya kasa kai hoto.

Iri uku ne, kuma ba sa aiki da juna

Na farko su ne masu araha da ake haɗawa kai tsaye daga TX zuwa RX. A kwalinsu akan rubuta mita 50 ko 60. Kowane kamfani da tsarinsa, don haka TX na wannan ba ya magana da RX na wancan. Wasu na da ɗan maɓalli mai alamar EQ da ake murɗawa daidai da tsawon kebul.

Na biyu su ne masu tsarin HDBaseT, wanda ƙungiyar da LG, Samsung, Sony Pictures da Valens suka kafa a 2010 ke kula da shi. Akwai ajin da ke kai mita 100, akwai kuma ƙaramin aji mai kai mita 70 da hoton 1080p, amma mita 40 kacal da 4K.

Na uku su ne masu aiki da IP. Suna matse hoton su mayar da shi bayanan intanet, sannan TX ɗaya na iya ciyar da RX da yawa.

Abin lura a nan: iri na uku ne kaɗai ake iya bi da shi ta suwic, wato akwatin raba intanet. Na farko da na biyu suna aron kebul ɗin ne kawai, abin da ke gudana a ciki ba intanet ba ne. Idan ka cusa su a suwic ko rauta ba za ka ga hoto ba, kuma idan irin masu tura wuta ta cikin kebul ne suna iya ƙona ramin.

Matakin farko: gwajin tebur

Kafin ka hau tsani ko ka yanke kan kebul, raba matsalar gida biyu. Dokar ita ce a canza abu ɗaya a lokaci guda, a gwada, sannan a wuce.

1. Haɗa dikoda da talabijin kai tsaye da gajeren HDMI na farko. Idan hoto ya fito, cire shi ka gwada na biyun. Idan tun a nan babu hoto, ba ruwan na'urar tsawaitawa.

2. Kawo TX da RX kan tebur ɗaya. Haɗa su da gajeren kebul na mita 2 ko 3 wanda aka matse kansa daga masana'anta. Yi amfani da cajar da suka zo da ita. Idan da hali, ka yi gwajin da ainihin talabijin ɗin da ke ba da matsala.

3. Idan hoto ya fito a kan tebur, akwatunan lafiyarsu ƙalau. Laifin yana cikin dogon kebul, kawunansa, hanyar da ya bi, ko wutar da ke can ɗaya gefen.

4. Idan bai fito ba, saura abu uku: caja, saiti, ko akwatin kansa.

Duba fitilun jikin akwatunan ma. Galibi akwai ta wuta, akwai ta Link mai nuna TX da RX sun ga juna, akwai kuma ta HDMI mai nuna hoto na shigowa. Fitilar Link a mace tana nuni ga dogon kebul ko caja. Link a kunne amma babu hoto yana nuni ga gajeren HDMI ko saiti.

Kebul ɗin kansa

A cikin kebul akwai ƙananan wayoyi takwas, an murɗe su biyu-biyu sun zama tagwaye huɗu. Murɗin ne ke kare sigina daga hayaniyar lantarki. Cat5e an gwada shi zuwa megahaz 100, Cat6 zuwa 250, Cat6a zuwa 500. Nisan da aka rubuta a kwali yawanci da Cat6 mai kyau aka auna shi, don haka da Cat5e a sa ran ƙasa da haka.

Babban abin da ke cutar mutane shi ne kebul ɗin da ake kira CCA, wato alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a baya. A ido ba ya da bambanci, ga shi da sauƙin kuɗi, amma araha ba ta ado. Alminiyam yana ɗaukar kusan kashi 61 ne cikin 100 na lantarkin da jan ƙarfe mai kauri ɗaya ke ɗauka, yana saurin karyewa, kuma yana yin tsatsa a bakin kai. Gane shi ba wuya: fere waya ɗaya ka kankare ta da reza. Idan fari ya bayyana a ciki, CCA ne. Ko ka kanga mata wutar ashana: jan ƙarfe na gaske zai yi ja ya tsaya yadda yake, CCA kuwa zai lanƙwashe ya narke. Kwalin mita 305 na jan ƙarfe zalla ya fi na CCA nauyi sosai a hannu.

Don sanin ainihin tsawon kebul ɗin da aka riga aka ja, duba lambobin mita da aka buga a jikin robarsa. Karanta na wannan kai da na wancan, ka ɗebe ƙarami daga babba. Mutane kan auna nisan ƙasa su manta da hawa bango, zagaye da saukowa.

Sauran abubuwan da ke rage nisa su ne: haɗin tsakiya, ko da na'urar haɗi aka yi shi balle a murɗe a naɗe da salatif, kebul mai faɗi kamar ɗamara, ragowar kebul da aka nannaɗe aka bari a cikin rufi, lanƙwasa mai tsanani a kusurwa, da ƙusar da aka buga ta matse shi. Ƙa'idar lanƙwasa ita ce kada zagayen ya matse fiye da ninki huɗu na kaurin kebul ɗin. Abin da ya fi shi ne kebul guda ɗaya, ba haɗi, daga TX har RX.

Matse kan RJ45

A nan ne kurakurai suka fi taruwa. Kawunan biyu su bi tsari ɗaya, kuma wanda aka fi amfani da shi shi ne T568B. Ka riƙe kan, ƴar ƙugiyarsa na kallon ƙasa, ƙarafan na kallonka suna sama, sannan ka jera daga hagu zuwa dama:

1. fari mai ratsin ruwan lemu
2. ruwan lemu
3. fari mai ratsin kore
4. shuɗi
5. fari mai ratsin shuɗi
6. kore
7. fari mai ratsin ruwan ƙasa
8. ruwan ƙasa

Kada ka warware murɗin tagwaye fiye da milimita 13, kuma robar kebul ɗin ta shiga cikin kai yadda filaya za ta danne ta. Wayar Cat6 ta fi ta Cat5e kauri, saboda haka a sayi kawunan da suka dace da ita.

Akwai tarko biyu. Na ɗaya, intanet mai gudun megabit 100 wayoyi huɗu kawai yake amfani da su, na 1, 2, 3 da 6. Idan na 4, 5, 7 ko 8 ya katse, kwamfuta za ta ci gaba da shiga intanet, amma na'urar hoto, wadda ke buƙatar duka takwas, ba za ta tashi ba. Don haka cewa «ai na gwada shi da kwamfuta ya yi» ba hujja ba ce.

Na biyu, wasu masu gyara kan jera launuka yadda suka ga dama, muddin kawunan biyu sun zo iri ɗaya. Ƙaramar na'urar gwaji mai fitilu takwas za ta nuna komai daidai, daga 1 har 8. Amma idan wayoyin da ke lamba 3 da 6 ba tagwayen juna ba ne, kariyar murɗi ta tafi. Irin wannan kebul kan yi aiki a mita 10 ya gaza a mita 40. Magani shi ne a duba launukan da ido, idan an ga saɓani a yanke kawunan biyu a sake matsewa.

Wuta da caja

Wasu na'urorin na cin volt 5, wasu 12, wasu 24 ko 48, alhali bakin cajar na iya zama iri ɗaya. Cajar volt 12 a akwatin volt 5 ƙonewa ce nan take. Karanta abin da aka rubuta a ƙasan akwatin da jikin caja: volt ya zo daidai, amfiya kuma ya kai wanda ake buƙata ko ya fi.

Caja mai rauni ba lallai ta mutu gaba ɗaya ba. Fitila na iya kamawa, amma hoto ya riƙa ɗaukewa bayan ta yi zafi. Idan hoto na tafiya duk lokacin da aka koma janareta, ko firji ko famfon ruwa ya tashi, wutar ce ke rawa. A ɗora dikoda, TX da RX a kan na'urar daidaita wuta ko mai riƙe wuta, wadda ake kira onduleur.

Na'urorin da aka rubuta wa PoC ko PoH caja ɗaya ke ciyar da akwatunan biyu ta cikin dogon kebul. A kebul ɗin CCA mai tsawo wutar kan rage kafin ta isa. Idan akwatin nesa na da ramin caja kuma takardarsa ta yarda, ba shi tasa cajar.

Gaisuwar dikoda da talabijin

Kafin hoto ya fito sai dikoda da talabijin sun gaisa, kuma gaisuwar ta cikin na'urar tsawaitawa take bi.

Da farko talabijin na aika ɗan bayani da ake kira EDID, mai faɗin irin hoto da sautin da yake iya karɓa. Idan bayanin bai iso ba, dikoda na iya turo abin da ya fi ƙarfin talabijin ko kebul. Haka kan faru idan akwai talabijin biyu, na kusa mai 4K, na nesa mai 1080p: dikoda ya ji na kusa ya turo 4K, na nesa ya yi baƙi. Ka shiga saitin dikoda ka cire shi daga zaɓin kai-da-kai, ka tsayar da shi a 720p ko 1080i. Idan hoto ya dawo, ka gano bakin zaren. Wasu TX na da maɓallan EDID da ake tsayarwa a 1080p mai sauti biyu. A kwamfuta mai Windows, danna maɓallin Windows tare da P ka zaɓi nuna hoto a allo biyu.

Sai kuma HDCP, tsarin hana satar fim da kamfanin Intel ya ƙirƙiro. Alamarsa ita ce jerin saitin dikoda ko fuskar kwamfuta na fitowa, amma da an buɗe tasha ko fim sai allo ya yi baƙi, ko hoto ya fito na ƴan daƙiƙu ya ɓace. Finafinan 4K na neman HDCP 2.2, kuma dole kowane mahaɗi ya iya shi, har da na'urar raba HDMI idan akwai. In ɗaya ya tsaya a 1.4, a sauko zuwa 1080p.

Don sabunta gaisuwar, kashe komai daga soket na minti ɗaya. Kunna talabijin tukuna ka sa shi a ramin HDMI da ya dace, sai RX, sai TX, dikoda a ƙarshe.

Alamomi da abin da suke nufi

Ɗige-ɗige masu ƙyalli ko layuka a hoto: sigina na isowa da rauni. Kebul ya yi tsawo, ko CCA ne, ko kai bai matsu ba. Sauke hoto zuwa 720p. Idan sun ɓace, kebul ne. Murɗa EQ idan akwai.

Hoto na ɗaukewa na daƙiƙa biyu ko uku idan an kunna fanka, fitila ko na'urar sanyaya ɗaki: kebul na tafiya jikin wayar wuta. Raba su da aƙalla santimita 30, inda dole su haɗu kuma su gitta juna, kada su jeru. Kebul mai sulke, FTP ko STP, yana taimakawa, amma sai an sa masa kawuna na ƙarfe da suka taɓa sulken.

Hoto ya koma ruwan hoda ko kore: dikoda da talabijin sun saɓa a tsarin launi. Sauya tsakanin RGB da YCbCr, ka mayar da zurfin launi 8 bit, ka kashe HDR. Idan bai gyaru ba, canza gajeren HDMI.

Hoto ba sauti: mayar da sautin dikoda zuwa PCM ko sitiriyo maimakon Dolby.

Rimot ba ya aiki daga nesa: ƴan wayoyin IR biyu ne masu kama da juna. Mai karɓa na shiga RX yana kallon mai rimot, mai fitarwa na shiga TX a manna shi daidai idon dikoda. Hasken rana kai tsaye na makantar da mai karɓar.

Hoto na makara, har maƙwabta su yi ihun ƙwallo kafin ta shiga a allonka: halin wasu masu aiki da IP ne, saboda matse hoto na cin lokaci. Ba lalacewa ba ce.

Intanet ɗin gida ya tsaya da an kunna TX mai IP: yana watsa hoton ga kowane rami na suwic. A ware masa suwic nasa mai gudun gigabit, ko a kunna saitin IGMP idan suwic ɗin na da shi.

Zafi, rana da tsawa

Nisan mita 100 da ake ambata a ƙa'idar kebul an auna shi ne a digiri 20 na ma'aunin Selshiyas, kuma raunin sigina na ƙaruwa da zafi. A Yamai, Njamena, Marwa ko Garwa, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40 a inuwa, ƙarƙashin rufin kwano ya fi haka nesa. Kebul ɗin da ke bakin iyakarsa zai yi aiki da safe da dare, ya riƙa yankewa da azahar. Yawancin akwatunan ma an yi su ne don wurin da bai wuce digiri 40 ba. Kada a cusa RX tsakanin bango da bayan talabijin inda iska ba ta shiga, kuma a riƙa kakkaɓe ƙurar hunturu daga ramukansa.

Rana na busar da robar kebul ɗin cikin gida ta tsattsage, damina ta zo ruwa ya shiga. A waje a yi amfani da baƙin kebul na waje, ko a zura shi a bututun roba.

Jan kebul ta sama daga gini zuwa gini, kamar daga masallaci zuwa makarantar da ke gefensa, shi ya fi haɗari. Tsawa ko da ba ta faɗo a kansa ba tana iya tura wuta ta cikinsa ta ƙona TX, RX da ramin HDMI na talabijin. Idan gine-ginen ba layin wuta ɗaya suke ba, bambancin da ke tsakaninsu ma na iya bi ta kebul ɗin. In hadari ya taso a zare dogon kebul daga kawunan biyu. Mafita mai ɗorewa ita ce na'urar tsawaitawa mai amfani da zaren gilashi, fibre optique, domin gilashi ba ya ɗaukar lantarki.

Yaushe za a ce na'urar ta mutu?

Sai an gwada ta a kan tebur da gajeren kebul mai kyau, da HDMI biyu da aka tabbatar, da cajar da ta dace, da hoton 720p, da wata dikoda da wani talabijin, amma ba ta tashi ba. Warin ƙuna ko baƙin tabo a ramin RJ45 ma shaida ne. Idan za a sake saye a sayi TX da RX tare, samfuri ɗaya, a zaɓi wadda nisanta ya ɗara abin da ake buƙata, kuma a sa mai shago ya gwada ta da kebul mai tsawon wanda za a ja. Sabon kebul kuwa a shimfiɗa shi a ƙasa a ga hoto ya tsaya na awa guda kafin a hau da shi rufi.